Danƙon Gamji a Bakin Ɗan Dambe

Malam mai ba da shawara,

Ka taimake ni, saura wata guda a yi damben Jega. Amma tukuna ka san wanda ke yi maka magana. Ubana mahauci ne a Jiga Makera, ya rasu bai bar mini ko wuƙa ba. Shekara biyu kaɗai na yi a makarantar Midil, ga shi ina rubuta wasiƙar da malamin En'e ba zai sami abin gyara ba. Da kaina na fara ɗaukar albasa daga Aliero zuwa kasuwar Jega, yau jakuna goma sha ɗaya ke ɗaukar mini. Na gina gida, na haƙa rijiya, ba wanda ya miƙo mini ko igiya. Abu ɗaya na kasa riƙewa, haƙorana huɗu na gaba, waɗanda na baro a fagen dambe ina saurayi. Shekara ashirin ke nan, ni ɗan mahauta, ban yagi nama ba sai an yayyanka mini.

Ɗana Attahiru ya gaji damben. In ya shiga fage kowa hannunsa yake kallo, ni bakinsa.

To, bara da kaka matata Tabawa tana liƙe tulu da danƙon gamji da ta tausasa a ruwan zafi, ta miƙo mini in gutsuro mata. Na ciza da matauna. Da ya huce sai ga siffar haƙorana a jikinsa, har da ɗan tsagin da ke jikin ɗaya, ta zauna daram. Malam, na yi ta jujjuya shi har la'asar ta kusa wuce ni. Iccen da muke zama ƙarƙashinsa tun kakanni, ashe Allah Ya ajiye wanga abu cikinsa, muna ta wucewa!

Na sa Attahiru ya ciji nasa da ɗumi, ya rufe haƙoran sama duka. A damben Maiyama aka kai masa naushi a haɓa, ina bayan makaɗa na ji ƙarar. Na runtse ido. Ya fito ya tofa mini danƙon a tafi, haƙora cif, ko leɓe bai fashe ba. Subhanallahi! Ban yi hawaye ba ran da aka binne ubana, ran nan na yi.

Ga damuwar. Mutane suka ce laya ce. Ni kuma, in gaya maka gaskiya, ban ƙaryata ba, don na ji daɗin yadda ake buɗa mini hanya a kasuwa. Yanzu Sarkin Damben Jega ya ce an san layar damtse, ba a san ta baki ba. Ko in bayyana abin gaban jama'a, ko Attahiru ya shiga da baki haka nan. Abokin karawarsa kuwa Ayuba ne na Andarai, wanda ya zubar wa mutum uku haƙora bana. In na bayyana, gamji na ko'ina, kafin wata kasuwa kowa ya yi nasa a manta da ni. In na yi shiru, ɗana ya koma irina. Tabawa ma ta daina yi mini magana saboda shirun nan nawa.

Mi zan yi? Ko mi ka ce, sharaɗina guda: kada ka ɓoye sunana yadda kake wa sauran masu rubuto maka. A buga shi cikakke.

Surajo ɗan Alu, Jiga Makera

AMSA

Malam Surajo,

Na sa an samo mini danƙon, na gwada da bakina, na daɗe ina dubansa. Na taɓa jin cewa 'yan damben Turai suna sa wani abu mai kama da wannan. Kai ba ka gani ba, ba a gaya maka ba, a tsakar gidanka ka gano. Mamakinka ya dace, nawa ma bai sake ni ba.

Tsoronka ba na banza ba ne, mutane sukan karɓi alheri su manta hannun da ya miƙo. Amma Sarkin Dambe yana da gaskiya. Ba zai bar ɗan wani ya kara da abin da ba a sani ba, kuma shirunka ne ya mai da danƙo laya.

Kada ka jira ranar dambe. Je wurinsa da danƙo da ruwan zafi, a tara 'yan wasa, ka yi a gabansu. Na farko kuma ka yi wa Ayuba da hannunka. Wanda ka sa wa abu a baki gaban jama'a ba ya manta ka. Ka koya musu cewa kowa da nasa, a riƙa wankewa, kada ya yi ƙanƙantar da za a haɗiye, kada ya toshe numfashi. Ka kuma gaya wa Attahiru danƙon haƙori kaɗai yake tsarewa, ya ci gaba da kare kansa daga naushi.

Sunanka mun buga shi cikakke. In kana ba da labari, ka riƙa haɗawa da na Tabawa, ita ta miƙo maka danƙon. Allah Ya fito da ɗanka da abokin karawarsa daga fage lafiya, kowa da haƙoransa.