Baba Bai Kurmance Ba

Daren Laraba, Nassarawa GRA

Yau na ka da Yaya Sani, kuma ko a jikina.

Tun da Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, Yaya yake yi masa magana da ƙarfi da sauri, kamar yaron mota a tasha. Baba sai dai ya zuba masa ido. Da la'asar Yaya ya zo da zancen a mai da Baba wajensa, can gidansa na Giginyu, wai ba sai an tambaye shi ba, tunda ba ya gane komai. Raina ya ɓaci.

Na ce ai duk mai zuwa dubiya, Baba ba ya kuskure masa amsa. "Ina wuni?" "Lafiya." "Ya jiki?" "Da sauƙi." Yaya ya ce wannan sabo ne kawai.

Likitar da ke koya wa Baba magana ta taɓa gaya min cewa ƙwaƙwalwa tana da nata kiɗan, da shi take tsinka magana gaɓa-gaɓa. In mai magana ya tsere wa kiɗan, kunne zai ji, hankali ba zai kama ba.

Sai na durƙusa, na riƙe hannun Baba mai lafiyar ina ɗan bubbugawa, na bi takun gaisuwa a hankali: "Baba, za ka koma gidan Yaya?"

Baba ya dube ni. Can ya ce, "Ba inda za ni."

Sannan ya juya ya dubi Yaya. "Sani, daina min ihu."