Cokulan Takwararki

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar taki, ya yara? Mu nan sai godiya.

Maganar 'yata takwararki ce. Makaranta sun ce ba za su ci gaba da riƙe ta ba sai da bayanin likita, don da an kaɗa ƙararrawa sai ta toshe kunne ta shige ƙarƙashin tebur. A asibiti na miƙa hannunta a ɗebi jini, likitar ta ce otizim ɗin da suke zato, wato lalurar da ke shafar magana da mu'amalar yaro da mutane, ba a ganinsa a jini ko a hoto. Zama ta yi a ƙasa da 'yar tsana, tana lura ko yarinyar za ta ɗago ido ta nuna mata wani abu. Sannan ta tambaye ni yaushe ta fara magana, ko tana waiwayowa in an kira ta. Ke kika riƙe ta shekarun da nake jinya.

Da muka kira ki a waya kika ce kunya ce kawai. Na san ki, ko gidanki na ci da wuta lafiya lau za ki ce. Na ji haushi, ba zan ɓoye miki ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki zo, ko in zo in ɗauko ki da kaina.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Ya gajiyar hanya? Da fatan kin same su lafiya.

Likitar ta haɗa abin da ta gani da abin da kika faɗa, ta tabbatar otizim ne. Makaranta sun ci gaba da riƙe takwararki, kuma malamarta kan gaya mata kafin a kaɗa ƙararrawa.

Har yanzu muryarki nake ji: yadda take jera cokula a bakin ƙofa, yadda kika riƙa tafi a bayanta kina zaton kurma ce. Ashe ba abin da kika manta, tsoro kike kada a ce a hannunki ta lalace. Kin ji likitar da kunnenki, ba riƙo ke kawo shi ba. Da ba don idonki ba, da har yau muna lalube.

Hutu na zuwa wurinki zan kawo ta. Ki tanadi cokula.

Allah ya bar zumunci.

Taki har kullum,
Auta