Kainuwar Yaya

Litinin, 3 ga Maris

An kawo tankin kifin Yaya daga shagonsa. Mutum huɗu suka ɗauko shi, ni ina gaba ina ba da umarni. Kifi goma sha ɗaya, har da babban nan mai zane uku a gefe da yake kira Sajan, ga ciyayi cike da ƙasan tankin kamar ƙaramin lambu.

Na sa an ajiye shi gaban babbar tagar falo, kusa da gadon da Yaya yake kwance tun da aka sallamo shi daga asibiti. Maigidana ya ce a kai shi kusurwa a sayo masa fitila, wai haka masu abin suke yi. Na ce shekara tara tankin nan yana tagar shago, Yaya na gyaran agogo a gefensa, bai taɓa ganin fitila ba. Rana ce ta raya shi a can, ita za ta raya shi a nan. Tagata ma ta ninka tasa girma.

Yaya ya juyo daga bango ya kalli kifayen. Karo na farko ke nan tun da ɓarin jikinsa ya shanye.

Laraba, 5 ga Maris

Mai gashin ƙashi ta zo. A bakin ƙofa ta faɗa min gaskiya: in bai fara tsayuwa cikin makonnin nan ba, ƙafar za ta sandare, sai keken guragu. Shi kuwa ko sandar dogarawar da aka ba shi ya ƙi kallo.

Ban tsorata ba. Shekara talatin da ɗaya na yi ina aikin nas, na tayar da waɗanda suka fi shi taurin kai. Kifin nan su ne maganina. Muddin suna nan lafiya, majinyacina zai ci gaba da juyowa, daga juyowa kuma sai zama.

Asabar, 8 ga Maris

Yau na yi wa tankin wanka na gaske. Kainuwa ta rufe saman ruwan kaf, saiwoyinta na reto duk ƙazanta, ciyayin ƙasa na zaune cikin duhu. Me amfanin taga in haske ba ya shiga? Na ɗauko rariya na kwashe ta tas. Na tsince dodon koɗi ɗaya bayan ɗaya, na goge gilashin, na zubar da ruwan duka na zuba sabo.

Yaya ya yi ta motsa baki. "Auta... bar... ta." Na ce Yaya, ka bar min wannan, ni na san tsafta. Ya so ya ƙara, amma maganarsa yanzu sai a yi ta jira, ga tukunya na a wuta.

Da na zo wucewa da bokitin, ya miƙo hannunsa mai lafiya ya cafki kainuwa biyu ya ƙi saki. Na sa masa su a kofi da ruwa na ajiye a gefen taga kusa da kansa. Mara lafiya sai da rarrashi.

Talata, 11 ga Maris

Wa ya ce fitila? Rana na shigowa ƙarfe goma, sai ga ƙananan kumfa suna tashi daga kowane ganye a jere, kamar an tsinke abin wuya. Ruwan garau. Maigidan ya tsaya ya kalla ya wuce.

Juma'a, 14 ga Maris

Ruwan ya ɗan sauya, kore-kore. Ba wani abu ba ne. Na zubar na sake sabo.

Yaya ya ɗaga yatsu uku ya nuna agogon bango. Na gane, wai awa uku na rana sun isa, alhali tagar tana ba mu daga goma har uku na yamma. Na ce Yaya, rana magani ce, kai ma kana buƙatarta. Na gyara masa filo na fita.

Litinin, 17 ga Maris

Kore shar. Sai kifi ya zo dab da gilashi ake ganinsa. Gansakuka ta kama ganyayen kamar gashi. Na sake canza ruwan duka, karo na uku. Ƙwayar cuta ce kawai, za ta gaji kafin ni.

Laraba, 19 ga Maris

Ƙarfe biyu na tsoma hannu, ruwan ɗumi kamar na wankan jariri. Na ɗauko ma'aunin zafina: talatin da uku. Kifayen duk sun taru a sama suna buɗe baki.

Biyu sun mutu. Na cire su da sauri yana barci, na naɗe a takarda. Wai ni mai wayo. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ƙirga haƙoran agogo, shi zan ɓoye wa kifi biyu? Yana farkawa ya kalli tankin, leɓensa na motsi, ya kai tara ya tsaya. Ya juya bango.

Alhamis, 20 ga Maris

Na uku ya mutu. Yaya bai ci abinci ba. Ni ma ban ci na kirki ba.

Asabar, 22 ga Maris

Da safe Sajan ya kwanta da gefe a ƙasa, yana numfashi da ƙyar. Maigidan ya sake kawo zancen fitila, na ce ya ƙyale ni. In Sajan ya tafi, na san Yaya ba zai ƙara juyowa ba, kuma ni na jawo.

Ina kicin wajen ƙarfe ɗaya saura, na ji ƙwas, ƙwas a kan tayil. Na leƙo. Yaya ne a tsaye. Sanda a hannu, kafaɗarsa jingine da bango, taku huɗu daga gado. Ya jingine sandar yana jan farin labulen nan mai shara-shara da hannu ɗaya, gumi na zuba a wuyansa.

Na ruga zan tare shi. Ya ce, "Tsaya." Da muryarsa ta da, wadda yake tsawata min da ita muna yara. Na tsaya cak.

Ya gama jan labulen, ya zauna a kujera, ya nuna min wata kujerar. Na zauna. Ya fara, kalma ɗaya-ɗaya. Shago, rana da safe kawai. Ƙarfe sha ɗaya ginin gaba ya tare ta. Kainuwa ita ce laimarsu, kuma ita ke shanye dattin da gansakuka ke ci. Dodon koɗi masu shara ne. Ruwa ba a zubar da shi duka, kwata kawai.

Na duba agogo, minti goma sha biyu ya ɗauka. Duk yana cikin kansa, ba abin da ya ɓace. Sai na tuna tun daga asibiti ban taɓa zama ya kai ƙarshen magana ba, kullum ni ke ƙarasa masa.

A ƙarshe ya nuna kofin. Biyun nan sun zama bakwai, sun cika bakin kofin suna turereniya. "Zuba... Auta." Na zuba.

Da ma ina da niyyar gwada labulen.

Laraba, 26 ga Maris

Ba wanda ya ƙara mutuwa. Sajan ya miƙe, ya ci abinci kaɗan. Ƙarfe ɗaya saura nakan shige kicin in yi ta ƙarar kwanuka, wai na manta da labule. Sai in ji ƙwas, ƙwas.

Laraba, 2 ga Afrilu

Ana ganin bayan tankin yanzu. Kainuwa ta rufe kusan rabi, hasken yana sauka tsakaninta layi-layi, sabbin ganye na fitowa a ƙasa. Na ga ƙananan dodon koɗi uku a jikin gilashi, ashe ƙwansu na maƙale a saiwoyin. Hannuna har ƙaiƙayi yake, amma ban taɓa ba.

Mai gashin ƙashi ta ƙirga masa taku goma sha huɗu. Ta ce, "Anti, wace dabara kika yi masa?" Na ce aikin nas ai ba ya tsufa. Yaya ya kalle ni ta gefen ido, ɓarin bakinsa mai lafiya ya ɗaga. Na kau da kai.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Ni dai ban yi kuskure a kan rana ba, a rubuta wannan. Na ce za ta raya tankin, ga shi ta raya, ba fitila ba komai. Lokacin ne kawai ya ɗan yi yawa.

Ɗazu maigidan ya ga ƙarfe ɗaya ta kusa, ya miƙa hannu zai ja labule, na buge hannun. Na ce ba aikinka ba ne, akwai mai shi.

Kainuwa ta sake cika saman, kumfar ƙasa ta ragu. Na ɗauko rariya, na san sarai guda nawa ya kamata a rage, ido kawai zan kai. Amma na je na zauna a bakin gadon na ce, Yaya, nawa zan cire? Ya tashi ya taka har gaban tankin, ya duba ta sama, ya duba ta gefe, ya fara bayani. Ina jin ƙaurin girkina daga kicin, ban motsa ba har ya gama.

Huɗu ya ce. Ni da shida zan cire.

Huɗun na cire.