Tekun da Ba Ya Zama Wuri Ɗaya

Weston, Ingila
Yuli 1984

Zuwa ga Ummu Rabi'a, Zinariyar gidana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Rabi'a da mutanen unguwarmu Bani Malik baki ɗaya. Mu nan alhamdu lillahi. Jikin kafilina, wato ubangidana tsoho Hamad, da sauƙi, amma likita ya ce a ƙara masa wata guda a bakin ruwa ya sha iska. Na san mako biyu na ce miki. Direba ai ba shi da ranar komawa sai wadda mai mota ya sa.

Gidan da suka kama yana kallon teku, ni da Baba Lado mai girki muna ɗakin ƙasa. To gyara zama ki sha labari. Tekun garin nan tafiya yake yi. Wallahi ranar farko na kwanta ruwa na dukan katangar titi, da asuba na leƙa babu shi. Sai laka da yashi iya ganinki, ga kwale-kwale a kwance kan haƙarƙari kamar jakunan da suka gaji. Na ɗauka tashin alƙiyama ne ya fara ta kanmu. Kafin azahar sai ga shi ya dawo abinsa, ko kunya babu. Sau biyu yake haka kowace rana. Ɗan Hamad da ke karatu a Bristol ya ce maddu da jazru ne, wato cika da janyewar teku, wai a nan ruwa kan hau ya sauka tsawon bene hawa huɗu, kuma in ban da wasu wurare can Kanada, babu kamarsa a duniya.

Ni da aka haifa a Bur Sudan na girma a Abhur, bakin tekun Jidda, ina taƙamar na san bahar kamar yunwar cikina, ashe ruwan kwano na sani.

Ki shafa min kan Rabi'a. Na saya mata takalmin roba ja.

Naki har kullum,
Musbahu


Bani Malik, Jidda
Agusta 1984

Zuwa ga Abu Rabi'a,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai zafi, sai kuma Rabi'a da ke tashi a guje duk motar da ta tsaya a ƙofar gida.

Hali zanen dutse. Na ɗauka sanyin Turai zai rage maka zuba, ashe ƙaruwa ta yi. Ba kai ne ka kama kifin da ya fi motar Hamad tsawo ba, da ya iso gida ko tukunyar miya bai cika ba? Yanzu kuma teku ne ya yi ƙafa. A Jiddan nan aka yanke min cibiya, malam. Maddu da jazru mun san shi, taƙi ɗaya ne, ya ɗan matso ya ɗan koma. Alhamis nawa muka shimfiɗa tabarma a bakin ruwan Abhur, ka juya masa baya ka fuskanci gabas ka yi sallarka har da dogon wuridi, takalmanka a gefen ruwa? Ya taɓa jiƙa su?

Na karanta wa matan unguwa takardarka. Maƙwabciyarmu A'i ta yi dariya har shayi ya sarƙe ta. Ni ma na yi, amma da suka watse kuka na yi, don mutumin da ya ce mako biyu ya shafe wata biyu, ban san wacce maganarsa zan riƙe ba. In zaman can ne ya yi maka daɗi ka fito fili ka faɗa, ka daina ɗora wa teku.

An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce in gani a ƙasa. Halas, shi ke nan.

Allah ya ba tsoho lafiya, ya dawo mana da kai.

Matarka,
Zinariya


Weston
Agusta 1984

Ummu Rabi'a,

Gaisuwa da fatan alheri. Kifin nan na yarda na ƙara masa gishiri. Amma wannan karon gaskiya na faɗa, kuma dariyar matan unguwa ta yi min ciwo, taki ta fi.

Na aro kyamarar ɗan Hamad. Ranar Juma'a in ruwa ya janye zan taka har inda ya tsaya, Baba Lado ya ɗauke ni hoto a tsakiyar gadon teku, ƙafata a bushe. Ki tanadi abin da za ki ce wa A'i.

An yanki tikiti, ƙarshen wata muna hanya. Wannan ma gaskiya ce.

Naki, mai zuba,
Musbahu


Bani Malik, Jidda
Satumba 1984

Zuwa ga Baba Lado,

Assalamu alaikum, Baba. Ina gaishe ka da girmamawa, da haƙurin da ya same mu gaba ɗaya.

Mutanen gidan Hamad sun zo sun yi min ta'aziyyar Abu Rabi'a, sun kawo shinkafa da sukari. Abin da suka iya faɗa min kawai, ruwa ya ci shi, in yi haƙuri. Haƙuri ina yi. Amma Baba, mutumin nan tun yana yaro yake nutso a Abhur yana ciro wa masu jirgi ƙarfen da ya maƙale a ƙasa. Wane irin ruwa ne zai ci shi? Takardarsa ta ƙarshe ta same ni bayan labarin, na ga sunanka a ciki. Kana wurin ke nan. Don girman Allah kada ka tausaya min, ka faɗa min yadda aka yi.

'Yarka,
Zinariya


Weston
Oktoba 1984

Zuwa ga 'yata Zinariya,

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Musbahu, ya raya abin da ya bari. Jikin tsoho ya tashi bayan abin da ya faru, shi ya sa har yau muna nan. Kin nemi gaskiya, ga ta.

Mun fita bayan azahar, ruwa ya riga ya janye, da ƙyar ake hango shi can kamar zare. A hanya wata tsohuwar Baturiya mai kare ta tare mu, tana nuna agogonta tana nuna teku. Musbahu ya yi mata godiya, ya ce min ai mun san yana dawowa, da sauran lokaci. Mun sani ɗin, amma ta taga muka saba ganinsa, kuma daga taga a hankali yake tahowa.

Gwiwoyina suka hana ni nisa, na tsaya a rabin hanya. Shi ya ci gaba yana tsallake ƙananan kwaruruka na laka har ya hau wani tudun yashi. Ya ɗaga hannu, na ɗauki hoton. Maimakon ya juyo, sai na ga ya cire rigar sanyi ya shimfiɗa. La'asar ta yi. Alƙiblar garin nan, 'yata, kamar ta Jidda take, mai salla a bakin ruwa bayansa yake ba teku.

Yana raka'a ta biyu na ga kwarurukan da ya tsallake sun fara ƙyalli. Ruwan ba daga baya kaɗai ya zo ba, zagayowa ya yi ta gefe da gefe, shiru, ba igiya ba ƙara. Na yi ihu har muryata ta dushe, iska ta mayar min da ita. Bai gaggauta ba, kin san sallarsa. Da ya yi sallama dama ya ga ruwa, ya yi hagu ya ga ruwa. Ya taso a guje. Da ruwa ne kaɗai da ya fita, amma laka ta riƙe ƙafafunsa a kwari na farko, ga sanyi. Ni ma ruwan ya kai min gwiwa kafin wasu samari su janye ni. Masu jirgin ceto sun zo, ba su tarar da shi ba.

Washegari aka same shi a bakin wani kogi. Musulmin Bristol suka yi masa wanka da salla, da hannuna na sa shi a kabari.

An wanke hoton. Yashi ne iya gani, shi kuma ɗan mitsitsi a tsakiya, hannu a sama. Yana wurina tare da takalmin Rabi'a. Ban san ko in aiko ba, sai abin da kika ce.

Allah ya ba ki dangana.

Babanki,
Lado


Bani Malik, Jidda
Janairu 1985

Baba,

Assalamu alaikum. Ka yafe min jinkirin amsa. Shekaranjiya na fita takaba.

Jiya na ɗauki Rabi'a muka je Abhur, wurin da muke shimfiɗa tabarma. Na kafa tsinke a bakin ruwa, na zauna ina kallo daga la'asar har aka kira magariba. Ruwan bai wuce tsinken ba.

Ka aiko da takalmin, ko da ya yi mata kaɗan. Hoton kuwa ka riƙe, ba na bukatar shaida. Abu ɗaya nake roƙo. Kafin ku taso ka je kabarinsa, ka yi masa addu'a, sannan ka sunkuya daidai kansa ka ce Zinariya ta ce ta yarda.

Allah ya dawo da ku lafiya.

'Yarka,
Zinariya