Abin Da Nake Ɗurawa A Kafson Babana

Salama gare ku, Anti mai wannan shafi, da ku masu karatu. A sakaya sunana. Kada kowa ya yanke mini hukunci sai ya kai ƙarshe, ko da yake ba gafara na zo nema ba, shawara nake so.

Ni ɗaliba ce a nan Zuru, ba ni da yawan magana. Babana tsohon soja ne, ya daɗe yana shan ƙwayar asibiti saboda ciwon sukari. Kirsimetin bara yayana, shi ma soja ne a Legas, ya zo masa da kwalaben wani kafso da aka ce daga ɓawon lemu aka tace shi, wai yana saukar da sukari. Baba ya ture ƙwayarsa gefe. Ba a daɗe ba sai ga ƙishirwa, ga yawan fitsari, ga rama, idonsa yana gani dishi-dishi. Na shiga laburaren makarantarmu na karanta duk abin da na samu. Sinadarin yana nan a ɓawon lemu, ana kuma bincike a kansa, amma ban ga inda aka ce ya maye gurbin maganin likita ba. Da na gaya masa sai ya yi dariya ya ce, "Malama, ɗana ya kawo mini magani, ke kin kawo mini takarda. In jiƙa takardar in sha?"

To, ni ke ba shi magani safe da yamma. Na ɗauki katinsa na je asibiti na karɓo ƙwayarsa, na tambayi nas ko irin wannan ana iya dakawa, ta ce ana iya. Sai in buɗe kafson, in juye garin lemun a kununsa, in murƙushe ƙwayar da bayan cokali, in ɗura, in rufe. Duka biyun yake sha. Me na hana shi? Ya murmure, bana da kansa ya yanke dawarsa. Ina jin kunya idan ya ɗaga kwalbar yana sa wa yayana albarka, amma ba na nadama. Da na yi shiru irin na 'yar kirki, da yanzu ina yake?

Ga inda ta ɓaci. Baba yana da amini a garin Kanya, muna ce masa Baba Sajan, tare suka yi soja, ciwonsu ɗaya. Ya ga yadda Baba ya warware, ya sayi kafson, ya bar ƙwayarsa. Nasa kuwa garin lemu ne zalla. Shekaranjiya aka kawo shi gidanmu a babur, ƙafarsa a naɗe, kaushi ya tsage ya zama gyambo, har yana wari. Ya ce, "Mutumina, anya abin nan yana yi kuwa?" Baba ya dafa shi ya ce, "Daure, Sajan! Ni ma sai da na rame kafin ya kama ni. Ko ba haka ba, Malama?" Na sunkuyar da kai, na miƙa musu ruwa. Kuma ran Lahadi Baba zai tashi a coci ya ba da shaida da kwalbar a hannu, alhali na san masu ciwon a majami'armu.

Kada a ce mini yaudarar iyaye zunubi ne, na sani. Wanda ya sayar da kafson ba a ce masa komai ba, yayana ya sha yabo, sai ni ce mai laifi? Na san halin Baba: in na faɗa, zai ce na mai da shi abin dariya a gaban amininsa, ba zai sake karɓar ko ruwa daga hannuna ba, ƙwayar ma ba zai sha ba. In na yi shiru, Baba Sajan zai ci gaba da daurewa har a yanke ƙafar nan.

Ba zan daina ɗura kafson babana ba, wannan na gama yanke shawara. Amma ƙafar Baba Sajan ba za ta jira in yi ƙarfin hali ba. Me zan yi?