Abin da ke Aljihun Baba

Daren Alhamis, Yakasai

Na gaji, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Yau kwana tara da rasuwar Baba, kuma kwana huɗu ke nan ɗan akunsa bai sa komai a baki ba sai ruwa. Gero, gyaɗa, ayaba, ko kallo ba su ishe shi ba.

Da hantsi na ɗauki kejin har Koki wajen Malam Sani, abokin Baba mai koyar da ilimin tsuntsaye. Ya daɗe yana duban koren jikinsa da goshinsa ruwan ɗorawa, sannan ya ce, "Binta, wannan ba tsiryarmu ba ce. Daga dazukan tsakiyar Afirka yake, abin da aka rubuta a kansa bai cika shafi ba. Ko abincinsa a daji ba mu tabbatar ba. Me Alhaji yake ba shi?"

Shekara goma sha ɗaya muna gida ɗaya da akun nan, ban taɓa tambaya ba.

Da la'asar Inna ta ce in kakkaɓe rigunan Baba, gobe za a bayar sadaka. Aljihun kowacce da busassun 'ya'yan cediya. Ashe na ƙofar masallaci yake tsinto wa akun in ya dawo Asuba. Ni kuwa kullum mitar tabon aljihun nan nake wajen wanki, shi sai dariya.

Na je na tsinto ɗanyu. Akun ya ci biyu, sai ya yi gyaran murya irin ta Baba sak.

Daga ɗaki Inna ta ce, "Sannu da zuwa, Alhaji."