Ragon Layyar Inna

Hotoro, Kano
Nuwamba, 1975

Zuwa ga Yayana Labaran,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya kai da iyali. Ya aiki, ya ruwan Fatakwal da ka ce ba ya ɗaukewa? Allah Ya tsare, Ya ƙara rufin asiri. Mu nan alhamdu lillahi. Jummai ta fara tafiya, ba abin da ta bari a inda aka ajiye shi. Idon Inna dai sai a hankali, dishi-dishi take gani.

Yaya, a tsorace nake rubuta maka. Ka tuna 'yan raguna biyun da ka saya wa Inna bara, ka ce in kiwata mata ta yi layya? Tun rasuwar Baba ba ta yanka nata ba, kuma kullum cewa take wannan ce layyarta ta ƙarshe. Da farko kiwo ya yi kyau, don Baban Jummai yana samo mana ƙulin gyaɗar da ake tatse wa mai a kamfaninsu na Bompai. To bana ciwo ya cinye gyaɗa a gona, injin ya fi kwana a kashe, ƙuli ya ɗauke, harawa ta zama sai wane da wane. Dole na koma ba su sau ɗaya a rana, shi ma ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Na kira Malam Shu'aibu mahauci ya duba su. Ya shafa gadon baya, ya matsa gindin wutsiya. Daga baya ya ce ɗan rago in ya rasa ci, ƙashi ne kawai ke tsawo, nama ba ya bin sa, kitse kuwa shi ke fara gudu. Ya ce in ramar ta kai ɓargo ya tsinke, ko an yanka ba layya ba ce, nama ne kawai. Amma ya ce suna iya murmurewa in aka riƙa ƙara musu kaɗan-kaɗan.

Ka san surukinka da rashin haƙuri, ƙari ya ji, bai ji kaɗan-kaɗan ba. Kunya ta dame shi, ya je wurin abokinsa a kamfanin fulawa ya samo sharar alkama, ya juye musu cikin daro ina unguwa. Suka ci kamar ba gobe, suka bi da ruwa. Kafin la'asar cikin babban ya kumbura kamar ganga, ya faɗi yana shure-shure, da ƙyar aka sa masa wuƙa da sauran rai. Ni na dafa naman. Baƙi ne, ga tauri, ko ɗigon maiƙo bai taso a tukunya ba. Da na fasa ƙashi, ɓargon ruwa ne ja. Wallahi nan take na koma na duba ƙaramin, don tare suka sha yunwar nan.

Shi ƙaramin Allah Ya taimaka, na ɗura masa man gyaɗa da ruwan kanwa, ya tashi, ya koma tuƙa. Amma ana ƙirga haƙarƙarinsa daga bakin ƙofa, ga Salla ta matso. Ba mu gaya wa Inna maganar mahauci ba. Ashe ba ta buƙata. Kullum da safe sai ta lallaɓa garke ta shafa shi, hannunta kuwa ya san rago tun ba a haife mu ba.

Kwanan nan na lura kwanonta na dawowa tas, har na yi murna na ce cin abinci ya dawo. Jiya na same ta a tsugune a garke, tana ɓarɓasa masa tuwonta cikin ruwa. Na yi magana, ta ce ita ta gama girma, shi ne bai gama ba. Na roƙe ta har da kuka, na ce Allah bai ɗora mata ba. Ta ce ɗanta ne ya saya mata, ba za ta bari a ce ragon Labaran bai isa layya ba.

Don Allah Yaya, ka nemi hutu ka zo. In bai samu ba, ka ba direban da ya kawo maka wannan takardar amsa, ka ce ka yafe ragon, ka ce ta ci abinci. Maganarka kaɗai take ji.

Ka gaishe min da Yaya Zainab da su Uwaisu. Baban Jummai yana gaisuwa, kunya ta hana shi sa baki. Inna ma tana gaishe ka, ta ce in faɗa maka ragon yana ƙiba. Da ta ɗaga hannu tana faɗa, awarwaronta sai da ya zame har gwiwar hannu.

Ƙanwarka,
Uwani